Sunan shafi mai kalmomi 5 da ɗalibai masu waya: yadda wata cibiya ta ƙare da haruffa 6

## Asalin lamarin

Cibiyar ƙarama ce, darussa take bayarwa ta intanet, yawanci na lissafin kuɗin sana'a da aikin takardun ofis, ma'aikatanta ba su kai goma ba har da mai ita, wata mata da ta fara abin ita kaɗai da kwamfutarta. Ranar da ta je sayen domen, wato sunan da ake bugawa a burauza a shiga shafi, wanda take so wani ya riga ta, sai kamfanin rajistar ya jero mata waɗanda ba kowa a kai, ita kuma ta ɗauki wanda ya fi kama da cikakken sunan cibiyar. Kalmomi 5 ne, haruffa 25, da karan ɗori 2 a tsakani, sannan .com a ƙarshe. A sikirin ɗin kwamfuta ya yi kyau abinsa, kuma ba ta karya wata ƙa'ida ba, don tsarin sunayen intanet ya yarda suna ya kai haruffa 63 kafin ɗigo.

Su kuwa ɗaliban kusan duk da waya suke shiga. Wannan ma ba sabon labari ba ne, StatCounter, kamfanin ƙididdigar intanet, ya fitar da cewa a watan Oktoba 2016 shiga intanet ta waya da tablet ya haura na kwamfuta a duniya, kashi 51.3 cikin 100. Hanyoyin tallan cibiyar uku ne: tallan murya a rediyo da shirye-shiryen sauraro, saƙon tes ga waɗanda suka bar lambarsu, sai fosta da kati. Biyu daga cikin ukun nan ba abin dannawa a cikinsu, mutum zai ji sunan ko ya gani ne sannan ya buga da babban yatsansa.

## Wata na 1 zuwa na 2: inda ɓarakar ta fara fitowa

Abin da aka fara lura da shi kira ne. Duk ranar da tallan murya ya fita sai wayar ofis ta ɗauki ruri, kuma maganar ɗaya ce, wai shafinku ba ya buɗewa. Yaron da ke kula da shafin ya duba saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, lafiya lau, ya duba ko rajistar ce ta ƙare, ba ta ƙare ba, sai ya fara cewa masu kiran su ɗauki hoton sikirin su turo. Nan fa aka ga abubuwa. Wani ya manta karan ɗori ɗaya, wata ta sa shi inda babu shi, wani ya rubuta kalmar “dash” ɗin da haruffa tunda haka ya ji mai talla ya faɗa, wasu sun bar sarari tsakanin kalmomin sai burauza ta ɗauka bincike suke ta kai su Google, inda shafin wata cibiya mai irin sunan ke sama da tallan kuɗi.

Yaron ya zauna ya ƙirga dannawa. A kibod ɗin waya da yawa karan ɗori ba ya kan fuskar haruffa, sai ka danna 123, ka danna shi, ka dawo ABC, dannawa 3 kenan ga kowane ɗaya. Haruffa 25 da 6 na karan ɗori, 31 kafin a zo .com. Ya yi wa mai cibiyar lissafi na misali: a ce a kowace dannawa 100 yatsa na kuskure sau 1, to a suna mai dannawa 31 kusan mutum 27 cikin 100 za su yi kuskure aƙalla sau ɗaya, a mai dannawa 6 kuwa kusan mutum 6. Kuma domen ba ya yafiya, ba irin saƙon hira ba ne da ko ka ci harafi abokinka zai gane, harafi ɗaya ya kauce ka faɗa wani wuri daban ko ka ga saƙon kuskure. Wanda yake tafe a hanya, hannu ɗaya, rana na haska masa sikirin, in ya gwada sau biyu bai shiga ba ai ya wuce.

Ɓangaren tes kuma matsalar kuɗi ce. Saƙo ɗaya haruffa 160 ne idan da haruffan boko na yau da kullum aka rubuta, amma ka jefa emoji ɗaya ko harafi mai ƙugiya irin ɗ da ƙ sai ya faɗo 70, in ya zarce kuma a raba shi gida-gida, 153 ko 67 kowanne, kuma kowane gida kuɗinsa daban. Linkin shafin rajistarsu da duk jelarsa ya kai haruffa 80. Rabin saƙo ya tafi a linki kenan, kusan duk sanarwa sai ta zama saƙo biyu. Haka imel ɗin ofis, shi ma wannan dogon sunan ne a bayan alamar @, mutane na turo shaidar biyan kuɗi tana komawa musu.

## Wata na 3: gwaji na farko, linkin aro

Mafi sauƙi aka fara yi. Suka buɗe asusu a ɗaya daga cikin shafukan gajarta linki na kyauta, aka ba su wani ɗan guntu mai haruffa bakwai a hargitse bayan sunan shafin, manya da ƙanana da lambobi. A tes ya yi aiki nan take, saƙo ya dawo gida ɗaya.

Sai aka sa shi a fosta da tallan murya, nan ya watse. Sunan domen shi kansa bai damu da babban harafi ko ƙarami ba, amma abin da ke bayan sandar / a irin waɗannan shafukan ya damu, ka rubuta k inda ake son K ka faɗa linkin wani. Mai karanta talla ya koma yana cewa “babbar R, ƙaramar x, lamba bakwai”, kai da jin wannan ka san ba mai riƙewa. A fosta kuma ƙaramar l da babbar I da lamba 1 duk kama ɗaya suke yi, O da sifili haka. Ko a tes ɗin ma da ya fara kyau, wasu ɗalibai suka riƙa kira suna tambaya ko da gaske daga cibiyar saƙon yake, don ’yan damfara da irin wannan linkin suke aiki tunda yana ɓoye inda za a kai ka, kuma kamfanonin sadarwa a wurare da yawa na tace saƙonnin da ke ɗauke da shi, wasu ba sa ma isa.

Akwai kuma abin da yaron ya ja hankalin mai cibiyar a kai: linkin ba nasu ba ne. Google da girmansa ya daina karɓar sababbin masu amfani a goo.gl, shafinsa na gajarta linki, a 2018, ya rufe yin sabon linki a 2019. Fostar da aka buga za ta iya daɗewa a bango fiye da kamfanin da ya ara maka adireshin. Aka bar linkin aro a ƙarshen watan.

## Wata na 4 zuwa na 5: gwaji na biyu, gajere amma baƙo

Tunda tsawo ne ciwon, mai cibiyar ta ce a ɗauki harafin farko na kowace kalma. Haruffa 5 suka fito, ba wasali ko ɗaya. A .com wani ya riƙe shi, shafin ba komai sai tallace-tallace da rubutun cewa na sayarwa ne, don haka suka yi rajistarsa da ƙarshen wata ƙasa mai haruffa biyu da ake sayar wa kowa, da araha kuwa. Hujjarta ba ta banza ba ce, ta ce ga youtu.be na YouTube da ƙarshen Beljiyam, ga wa.me na WhatsApp da t.me na Telegram da ƙarshen Montenegro, ga bit.ly da na Libiya, duk suna aiki duniya na amfani da su.

Aka sake buga kati da fosta, aka sake naɗar talla. Tes ya yi daidai, amana ta ɗan dawo tunda sunan nasu ne. Amma kiran “ba ya buɗewa” bai tsaya ba, salo kawai ya canja, tsugune ba ta ƙare ba kenan an sayar da kare an sayi biri. Hotunan sikirin na wannan karon kashi biyu ne. Na farko kunne ne: suna marar wasali ba ya furtuwa, sai dai a karanto shi harafi-harafi, kuma a sifikar waya b da d da p ɗaya suke, m da n ma haka, mutum ya ji biyar ya kama uku. Na biyu hannu ne: sun rubuta haruffan daidai, sai yatsa ya ƙara .com da kansa, wasu ma sun rubuta ƙarshen ƙasar sannan suka liƙa .com a bayansa don a ganinsu adireshi bai cika ba sai da shi. Kibod ɗin ma yana taya su, a iPhone in ka danne ɗigo a wajen adireshi .com na cikin abin da zai fito maka, wasu kibod ɗin Android ma maɓallinsa guda ne. Duk waɗannan mutanen shafin mai tallace-tallacen nan suke sauka, cibiya na biyan kuɗin talla wani na can yana karɓar baƙi.

Manya ma sun taka wannan. Kamfanin Overstock na Amurka ya sayi O.co kan dala 350,000, a 2011 ya fara kiran kansa da sunan har ya sa wa filin wasa na Oakland, kafin shekarar ta ƙare ya ja da baya, don kwastomomi da yawa O.com suke bugawa. Shi kuwa O.com ba ya hannun kowa, tun 1993 aka killace sunayen .com masu harafi ɗaya, sai ƙalilan da suka riga suka fita irin q.com da x.com da z.com.

## Wata na 6: neman suna da gwajin kunne

Wannan karon ba a fara da shafin rajista ba. Suka rubuta sunaye da yawa a takarda, duk daga kalmar da ɗalibai suka saba kiran cibiyar da ita a baki, don ashe ba mai kiran ta da kalmomi biyar ɗin nan, kalma ta biyu kawai suke faɗa. Aka sa sharuɗɗa: ba karan ɗori, ba lamba, ba harafi biyu iri ɗaya a jere, ba r kusa da n don a ƙaramin sikirin rn tamkar m take, kuma ya zama abin da za a furta a numfashi ɗaya. Sannan aka naɗi kowane suna a saƙon murya sau ɗaya tak, aka tura wa mutanen da ba su san cibiyar ba, manya da yara, aka ce su buga abin da suka ji a wayarsu su turo hoto. Sunaye da dama da suka yi kyau a takarda a nan suka faɗi, har da wanda mai cibiyar ta fi so, don ana iya rubuta shi ta hanya biyu. Guda ɗaya mai haruffa 6, gaɓa uku, shi ne kusan kowa ya buga daidai.

Mai haruffa uku ko huɗu kuwa tun farko aka cire rai, kuma lissafin a fili yake. Haruffa 26 ne, in biyu-biyu za a haɗa sunaye 676 kawai ke akwai a .com duk duniya, uku-uku 17,576, huɗu-huɗu 456,976, kuma ba a ƙera ƙari. Shi ya sa Facebook ya sayi fb.com a 2010 daga ƙungiyar manoma ta American Farm Bureau, kuɗin da aka ruwaito dala miliyan 8.5 ne. Xiaomi na ƙasar Sin ya biya dala miliyan 3.6 kan mi.com a 2014, kamfanin da waya ce sana'arsa kuma yana son fita ƙasashen da furta Xiaomi ke ba mutane wuya. A Sin ɗin dai, 360buy.com ya koma JD.com a 2013. Cibiya mai ma'aikata ƙasa da goma ba ta wannan kasuwar take ba, amma daga haruffa 6 zuwa 8 akwai sauran fili, musamman in kalmar ba ta Turanci ba ce da dillalai ke wawaso.

Nasu ɗin ma wani ya riga ya riƙe a .com, bai gina komai a kai ba. Kafin a yi masa magana yaron ya duba tarihin sunan a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka, ko an taɓa yin caca ko damfara da shi, don suna na zuwa da tsohon tabonsa, ya kuma duba ko alamar kasuwancin wani ce, tunda tun 1999 ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, na da tsarin UDRP da mai alama zai iya ƙwace domen da shi. Ba a samu komai ba. Aka yi ciniki ta imel, mai sunan ya fara da farashi mai tsada aka yi ta ja har ya sauko kusan abin da cibiyar ke kashewa a tallan wata biyu, aka biya ta hannun kamfanin da ke riƙe kuɗi a tsakani sai kaya ya shiga hannu.

## Wata na 7: ƙaura

Tsohon dogon sunan ba a yar da shi ba, haka na biyun. Duka aka sa musu turawa ta 301, mai gaya wa burauza da injin bincike cewa an tashi ne dindindin, kuma shafi zuwa shafi aka yi, wanda ya danna tsohon linkin darasi na uku darasi na uku zai sauka a sabon gida ba shafin farko ba. Aka sanar da Google ta Search Console, dandalinsa na masu shafuka, shi kuma shawararsa a bar turawar aƙalla shekara 1. Aka sayi rubutun kuskure guda biyu da suka fi fitowa a gwajin kunne, su ma aka tura su. Aka gajarta jela: shafin rajista ya zama harafi ɗaya bayan sanda, ƙarami.

Inda aka yi tuntuɓe imel ne. Makonnin farko saƙonnin sabon adireshin na faɗawa kwandon shara na ɗalibai, don sabon suna ba shi da tarihin aikawa kuma ba a gama saita SPF da DKIM da DMARC ba, bayanan da ke tabbatar da cewa mai sunan ne ya aiko, Gmail da Yahoo kuma sun tsaurara a kan wannan tun Fabrairu 2024. Aka saita, aka riƙa aikawa kaɗan-kaɗan har ya daidaita.

Lambar QR ta fosta, zanen ɗigo-ɗigon nan da ake haskawa da kyamara a shiga shafi, ita ma ta canja kama, wannan ba wanda ya yi tsammani. Tsohon linki mai haruffa 80, a matsakaicin matakin kariya daga kuskure, yana buƙatar zane mai ɗigo 37 a tsaye 37 a kwance. Sabon, haruffa 20 har da https, ya shiga mai 25 da 25. A fili ɗaya ɗigon sun fi girma, don haka tsohuwar waya mai raunin kyamara na kamawa daga nesa, ko fostar ta ɗan koɗe.

## Wata na 8 zuwa na 12: abin da ya canja da wanda bai canja ba

Kiran “ba ya buɗewa” ya koma jefi-jefi, in ya zo ma yawanci data ce ta ƙare wa mai kiran. Tallan murya ya rage tsawo tunda ba sauran karanto haruffa, sai aka yi amfani da daƙiƙun wajen maimaita sunan sau biyu. Tes ya tsaya a gida ɗaya, har da sarari na rubuta ranar fara aji. A bayanan shafin, masu shigowa kai tsaye ta hanyar buga suna sun ƙaru, masu zuwa ta binciken cikakken sunan cibiyar sun ragu, wato waɗanda a da sai sun bi ta gaban tallan abokan gasa yanzu suna shigowa ta ƙofa. Sabon sunan kuma yana fitowa gaba ɗayansa a sandar adireshin waya, ba kamar tsohon da ke yankewa ba, sai cibiyar ta samu bakin cewa ɗalibai su duba sunan kafin su biya kuɗi.

Matsayinsu a binciken Google bai tashi don suna ya gajarta ba, ya ɗan yi ƙasa ma bayan ƙaura kafin ya dawo inda yake. Masu zuwa ta linkin da aka tura musu a WhatsApp ko Facebook ba abin da ya canja musu, dannawa ɗaya ce da dogo da gajere. A X, wato tsohon Twitter, ma ba riba, can kowane linki haruffa 23 ake lissafa shi komai tsawonsa.

## Hukunci

A ganina mai cibiyar ta gano ciwon da wuri amma ta auna shi da ma'aunin da bai cika ba, ta ɗauka yawan haruffa ne kawai. Gwaji na biyu ya fi na ƙarshe gajarta da harafi ɗaya amma shi ne ya faɗi. Misalan da ta kafa hujja da su, youtu.be da wa.me da t.me, duk linki ne na dannawa, manhaja ce ke ƙera su ta miƙa maka, da wuya ka ga wanda ya zauna yana buga youtu.be da hannu. Nata sunan kuwa sai ya bi ta kunne ko ido, ya ɗan kwana a kai, sannan ya fita ta yatsa a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba, kuma a kowane mataki ana zubar da mutane. Linkin aro ya gyara tes ya ɓata kunne da amana. Haruffa biyar marasa wasali sun gyara yatsa sun ɓata kunne, ƙarshen ƙasar kuma ya yi karo da sabon da hannu ya yi. Na ukun ya tsallake duka ne saboda an gwada shi a wayoyin baƙi kafin a biya ko sisi.

Kuɗin da aka kashe ya dace da wannan cibiyar saboda biyu cikin hanyoyin tallanta uku na bugawa da hannu ne. Da a ce duk ɗalibanta ta linkin WhatsApp ko ta manhaja suke zuwa, da ban ga dalilin ba da kuɗin tallan wata biyu kan haruffa shida ba, gyaran jelar linki da saurin buɗewar shafi sun ishe ta. Asarar da za a iya kauce wa ita ce ta wata na 4, buga kati da fosta da naɗar talla a kan sunan da ba a karanta wa kowa a waya ba. Yanzu cibiyar na sabunta rajistar sunaye biyar duk shekara, sabon da tsofaffin biyu da na kuskure biyu, kuma an sa su a sabuntawa ta atomatik don akwai katunan farko da har yanzu ke hannun mutane.